Sikelin Gunnel

Ƙarfe uku na yamma, Uppsala ta riga ta kunna fitilu.
Kogin Fyris ya daskare daga baki-baki,
agwagi sun taru a tsakiya, inda ruwa ke da sauran numfashi.
A ɗakin ƙasa, ƙarƙashin asibiti,
Gunnel Hedqvist ta hura tafin hannunta,
ta buɗe akwatin sanyi.

Tsokar ba ta kai ƙwayar wake ba.
Sunanta lamba ne: sifili, huɗu, ɗaya, bakwai.
Wani ne ya sa hannu a takarda kafin a shiga da shi tiyata,
ya ce in kun cire ku ajiye, ko zai yi wa wani rana.
Ba ta san fuskarsa ba. Doka ta hana.

Wuƙa ta shafto yanki,
bawon albasa ma ya fi shi kauri,
ya kwanta a gilashi kamar hucin baki a jikin taga.
Ta yi masa feshi, raɓa-raɓa,
ta tura shi cikin na'ura, ta ja ƙofa.

Can ciki babu iska.
Hasken leza na sara, ɗigo bayan ɗigo,
duk inda ya sara sai ƙwayoyi su zabura
su bi dogon bututu a guje.
Marasa nauyi su riga isa,
masu nauyi su biyo baya suna jan jiki.
A tseren nan ake gane nauyin kowa,
a nauyi ake gane suna,
ɗigo dubu hamsin kuwa, in sun haɗu,
taswira ce:
nan kitse, nan magani ya kai, nan ya ja ya tsaya.

Shekara ashirin da shida ke nan.
Kwantiragin shekara biyu, na uku, na wata goma sha takwas.
Bremen, Glasgow, ta dawo gida da akwati biyu
da 'ya mai jin harshe uku,
mai iya fushi da ita a cikin duka ukun.
Takardun neman kuɗin bincike da aka maido mata
sun isa hura murhu har sanyi ya wuce.

Akwai wani tsini da ta bi shekara uku,
siririn layi mai miƙewa a kowane ciwo.
Ta raɗa masa suna a ɓoye. Ta fara tsara jawabi.
Wata Talata Torgny, mai kula da injuna,
ya ajiye kofin gahawa, ya ce, Gunnel,
dubi tazarar: arba'in da huɗu, arba'in da huɗu.
Man shafawa ne. Na hannunta.
Sanyi ke tsaga mata yatsu take shafawa.
Ta yi dariya har ta zauna daɓas a ƙasa.
Kukan sai a bas, kujerar baya.

Tun ranar ba ta amince wa kyan hoto ba.
Ja da shuɗin nan ita ta zaɓa,
na'ura lamba kawai ta sani.
Ɗalibarta Ylva kan ce, kai, dubi kyau!
Ita kuwa: sake yankawa. Sake aunawa. Ina safar hannunki?

Asuba ta yi,
ko da yake a Disamba asubar nan da tsakar dare uwarsu ɗaya.
Allo ya cika.
Magani ya zagaye ƙarin kamar ruwa da tsibiri,
gaɓa jawur, tsakiya baƙi ƙirin.
Watakila shi ya sa wasu ke haɗiyar ƙwaya wata shida
ciwo na nan daram.
Watakila. Yanki ɗaya ba ya zama shaida.
Talatin da tara na akwati suna jiran layi.

Ta rubuta kwanan wata. Ta rubuta: a maimaita.
Famfo na ta gurnaninsa.
A waje dusar ƙanƙara ta rufe sirdin kekenta,
ta share da gwiwar hannu,
ta tuna mutumin da ba ta sani ba,
ko yana nan,
ko a ɗaya daga tagogin nan ne yake juyi a gado
da tabo a ciki,
bai san an kwana ana auna shi ba.